Ƙafar Hagu ta Baba Alasan

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, har da waɗanda a lokacinsu na ɗauka za su zauna a raina har abada. Amma ban taɓa mantawa da ranar Larabar da muka zauna a biron Madam, wato ofishin shugabarmu, don zaɓen mota ɗaya cikin biyu ba. Ku da kuka zo daga baya kun tarar da ƙaramar katkat ɗin nan, motar daji mai ruwan ƙasa, a garaji, kuna yi mata tsiya, wai kujerarta na cin baya, wai kilim ɗinta, na'urar sanyin nan, iskar bakin tsoho ce. Ina jin ku, ba na tanka muku. Yau dai zan gaya muku yadda aka yi ta shigo gidan nan, da mutumin da shigowarta ta raba da aikinsa.

A lokacin ni ne shef na garaji. Ga wanda bai san aikin ba, shef na garaji shi ke riƙe da motoci da shoferorinsu: wa zai fita, da wace mota, wace ce za ta shiga gyara, wace ce ba za ta taka ƙofa ba sai an duba ta. Ƙungiyarmu kuwa aikinta kai ma'aikatan lafiya wurin makiyaya da ƙauyukan da ke kewaye da Agadez, don allurar rigakafi da awon ciki, wani lokaci kuma a dawo da mara lafiya gari. Muna da babbar katkat ta tafiya mai nisa, da wata tsohuwar ƙarama ta zagayen kusa, wato wajen Tchirozérine, da hanyar Ingall, da rijiyoyin da ke tsakani. Cikin bazarar wannan shekarar injin ƙaramar ya ƙone ƙurmus, masu gyara suka ce a yi mata addu'a kawai. Ta yi wata biyu a jibge kafin masu tallafa mana su amince a sayi wata.

Wanda ke riƙe da ƙaramar shi ne Baba Alasan. Haifaffen tsohon gari ne, amma gidansa na Dagmanet. Da manyan motocin kaya ya fara, cikin hamada, tun zamanin da ba waya, ba na'urar nuna hanya, sai ido da haƙuri. A hannunsa na koyi tuƙin rairayi. A takarda ni ne shugabansa, kuma bai taɓa barin wannan ya zame mini abin jin nauyi ba: gaban mutane Shef yake kira na, in mun keɓe sai ya koma Lawali. Shekara uku suka rage masa ya kai lokacin ajiye aiki, ya tafi da cikakken haƙƙinsa. Ƙa'idar gidan nan kuma kun san ta, ba ta sauya ba: shofer ɗin da likita ya ce ba zai iya riƙe motar da aka ba shi ba, aikinsa ya ƙare, don ba mu da wata kujera da za a ajiye shi a kai.

Cikin wata biyun nan da ba ya tuƙi na fara lura da ƙafarsa. Muna sallar azahar a ƙarƙashin rumfar garaji, sai in ga ya miƙe ƙafar hagu gefe a zaman tahiya, in zai tashi kuma sai ya dafa bango. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce tsufa ne, in jira nawa yana tafe. Muka yi dariya, na bar maganar. Amma duk shofer ya san abin da ƙafar hagu take a motar hannu. Ita ke taka ambirayaj, wato kuloci, duk lokacin da za a sauya bites, wato giya. A kan gudron, wato kwalta, ba wani abu ba ne, amma cikin rairayi ƙafar nan ba ta hutawa ko kaɗan. Babbar katkat ɗinmu ma ta hannu ce, kuma nata ambirayaj ɗin ya fi tauri.

Da izinin saye ya zo, muka zagaya wurin masu sayar da motoci, aka tace aka tace har zaɓi ya tsaya kan guda biyu a filin wani Alhaji da ke bakin hanyar fita gari. Duka biyun ƙananan katkat ne, ba sababbi ba amma masu lafiya, kuɗinsu kuma kusan ɗaya. Ɗaya fara ce, otomatik, ba ruwanta da ƙafar hagu. Kujerunta laushi, kilim kamar cikin randa, har da allon da ke nuna maka bayanka in za ka koma. Sai dai cikinta kusa da ƙasa yake. Ɗayar ita ce wannan mai ruwan ƙasa: ta hannu, doguwa, mai ƙara, ba wani ado. Duk wanda ya leƙa farar sai ya fito yana murmushi. Ita kuwa ruwan ƙasar, Alhajin da kansa bai ɓata yawunsa wurin yabonta ba.

Ga yadda ake sayen mota a wurinmu. Akwai komisiyo ta mutum huɗu: Madam, wadda likita ce kuma ita ce shugabar gidan; Majo Isuhu, shugaban ma'aikatan jinya; mai kula da kuɗi; sai ni. Ni zan gwada motocin, in rubuta rapor, wato rahoto, in karanta a gabansu, a tattauna, a sa hannu. Wannan shi ne tsarin da ke rubuce. Akwai kuma wanda ba a rubuta ba, muka gada daga tsofaffin shoferorin hamada: kafin a sa hannu sai an kira wanda zai riƙe motar, a tambaye shi a gaban kowa, "Ka karɓa?" In ya ce a'a, ba a saye. Dalili shi ne ba a tura mutum daji da motar da zuciyarsa ba ta kwanta da ita ba.

Ranar Litinin da safe muka fita gwaji, ni da Baba Alasan, zuwa wani kori, busasshen rafi, a arewacin gari inda rairayin yake da laushi da zurfi. Farar muka fara ɗauka, ina tuƙi yana gefe. A gudron kam ba a magana, kamar kana zaune a falo. Da muka shiga korin ta fara tafiya lafiya, sai cikinta ya soma shafar rairayi. A tsallakawa ta biyu wata fitila ta kama a gabana, mai nuna akwatin bites ya yi zafi, motar ta rage ƙarfi da kanta, ta tsaya tsakiya. Muka zauna jiranta kusan rabin awa kafin ta huce ta yarda ta fita. Baba ya leƙa ya ga fitilar.

Muka mayar da ita, muka ɗauko ruwan ƙasar, shi ya karɓi tuƙi. Ta tsallake korin sau ɗaya, sau biyu, sau uku, ko tari ba ta yi ba. Amma ni ba motar nake kallo ba. Gumi ke zuba daga ƙarƙashin rawaninsa, kuma duk lokacin da ya taka ambirayaj sai in ga muƙamuƙinsa ya ɗaure. Bayan ta ukun ya tsaya a inuwar wata bishiyar ƙaya, ya kashe inji, ya dafa gwiwarsa da hannu biyu. Ya buɗe ƙofa zai sauka, ƙafar ta ƙi.

Ya ce, "Lawali, abin da ka gani, ka gani. Na tahi wurin wani likita a ɓoye. Ya ce gwiwar ta cinye, ƙashi na gugar ƙashi. Ta dama lahiya lau take. Wagga ce ta gama aikinta."

Bai roƙe ni komai ba, ina so ku riƙe wannan. Ni ne na yi saurin cewa, "Ban ga komai ba, Baba."

Ya dube ni, ya yi shiru. Na ɗauki shirun nan a matsayin mun gama magana. Na zagaya na karɓi tuƙi, muka koma gari.

Ku shoferori kun san halinmu. Ba ma kai ɗan'uwa biro. Wanda ya makara mu ce mun aike shi, wanda ya goge bango da mota mu shafa fenti kafin Madam ta fito. Muna kiran wannan zumunci, kuma sau da yawa zumuncin ne. Da wannan zuciyar na zauna ranar Talata na rubuta rapor. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba, abin da na riƙa gaya wa kaina ke nan. Na rubuta cewa farar ba ta jijjiga mai ciki, gaskiya ne. Na rubuta cewa sanyinta zai taimaki akwatin allura, gaskiya ne. Na rubuta cewa ta tsallake kori, ai ta tsallake daga ƙarshe. Fitilar da ta kama, da rabin awar da muka zauna, da sauran abin da duk shofer ya sani game da otomatik a daji, na bar su cikin alƙalami. Ruwan ƙasar kuwa na ba ta layi uku, biyu a ciki kushe ne. Na ƙare da shawarar a ɗauki fara. Da na karanta abin da na rubuta har daɗi na ji, na ce na ceci shekara ukun dattijo ba tare da kowa ya sani ba.

Ranar Laraba da hantsi muka zauna. Aka kira Baba Alasan tun farko, ya zauna a kujerar bakin ƙofa, ya miƙe ƙafarsa a hankali ƙarƙashin babbar riga. Na karanta rapor ɗina da murya mai ƙarfi. Majo Isuhu sai gyaɗa kai yake, yana cewa a ƙarshe dai bayansa zai huta. Mai kula da kuɗi ya ce shi ba shi da ja. Madam ta jawo takardar sa hannu, sannan ta juya wajen ƙofa.

Ta ce, "Bon. Baba Alasan, kai za ka riƙe ta. Ka karɓi farar?"

Na sunkuyar da kai ina jiran in ji "Na karɓa."

Sai ya ce, "Madam, in an yarje mini, ina da ƴar tambaya ga Shef."

Ta ce bismilla.

Ya ce, "Shef, in munka tahi bayan Ingall, wajen rijiyoyin nan da ba rezo na waya, munka gama aiki za mu taso, batir ya mutu. Mutum nawa za su tura farar ta tashi?"

Na ce, "Ba a tura otomatik, Baba."

"Ko mutum goma?"

"Ko ɗari."

"Ruwan ƙasar fa?"

"Mutum uku sun isa. In da ɗan gangare, biyu."

Ya gyaɗa kai kamar yau ya fara jin wannan. Ya ce, "In akwatin bites ɗin farar ya lalace, wa zai buɗe shi cikin garin ga?"

Na ce ban san kowa ba, wataƙila sai an ɗauke ta zuwa Yamai.

Ya ce, "To. Saura ɗaya. Fitilar da ta kama muna shekaranjiya cikin kori, ban ji ta cikin takardar ba. Ko kunnena ne ya fara tsufa shi ma?"

Madam ta ajiye alƙalami, ta ce, "Wace fitila, Shef?"

Ba yadda zan yi. Na faɗi komai: zafin akwatin bites, tsayuwar tsakiyar kori, cikin da ke shafar ƙasa. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta yi tambayar da nake tsoro, ta ce me ya sa ban rubuta ba. Na san abin da ke zuwa zuciyar kowa a irin wannan wuri, za a ce mai sayarwa ya ga shef na garaji a gefe. Na gwammace su zaci haka da in buɗe baki. Amma Baba bai bar ni ba.

Ya ce, "Madam, kada ki wahal da shi. Ba don mota ya rubuta wagga takarda ba, don ƙafata ya rubuta ta."

Ya faɗa musu abin da ya faɗa mini a gindin ƙaya, bai ƙara ba bai rage ba, kamar mai ba da labarin motar wani. Ya ce a gari zai iya lallaɓawa, amma yini guda cikin rairayi da ambirayaj ya fi ƙarfinsa yanzu. Sannan ya ce, "Farar ta dace da ni. Ruwan ƙasar ta dace da aikin. Motar kuwa ba tawa za a saya ba. Ban karɓi farar ba, Madam. A ɗauki ruwan ƙasar, a ba wanda ke da ƙafa biyu."

Majo Isuhu ya rikice. Shekara da shekaru suna tafiya tare. Ya ce, "Haba Baba, farar ma ai mota ce. Sai mu tsayar da ita kusa da gudron, babbar ta riƙa shiga ciki."

Baba ya ce, "Majo, kai ka san matan da muke ɗaukowa ba bakin gudron suke zaune ba. Kuma ranar da babbar ta yi nisa, wa za a tura?"

Majo ya janye maganarsa.

Madam ta juya wajen dattijon. Ta ce a hankali, "Baba, ka san abin da wannan maganar ke nufi gare ka? Dole in tura ka wurin likitan aiki. In ya tabbatar, hannuna a ɗaure yake."

Ya ce, "Na sani. Shef kuma a yi mishi afuwa. Ni na koya mishi tuƙi. Wanga da ya yi ba ni na koya mishi ba, amma na san inda ya samo shi, mu shoferori duk haka muke."

Aka ɗage sa hannu. Da kowa ya fita Madam ta tsayar da ni. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce in sake rapor kafin la'asar, in sa duk abin da na cire, kuma za ta ba ni gargaɗi a rubuce, ya zauna cikin takarduna. Ta ce, "Ni ban san mota ba, Shef. Idonka nake aro. In ka rufe shi saboda wani, ko da mutumin kirki ne, ni da wa zan gani?" Gargaɗin yana nan har yau, ban taɓa neman a cire shi ba.

Gaskiya ita ce na yi fushi da Baba Alasan, fushi mai tsanani. Na ɗauki kasada dominsa, ya tsaya gaban mutane ya warware ni kamar tsohon rawani. Kwana shida ban ce masa komai ba bayan gaisuwa. Da takardu suka kammala, Madam ta ce mu je mu biyu mu ɗauko ruwan ƙasar, don a al'adarmu babban shofer ne ke shigo da sabuwar mota gida, kuma likita bai riga ya gan shi ba. Tafiyar ba nisa, cikin gari ce. Ya zauna ya yi bismilla, ya tayar. Muna kan hanya abin ya fashe mini.

Na ce, "Baba, ka kunyata ni, ka kuma yanke wa kanka abinci. Shekara uku fa! Wa zai sani? Wataƙila farar nan ta yi shekara goma ba ta tsaya a daji ba."

Ya ce, "Wataƙila."

Ya sauya bites, na ga ya cije. Sai da muka wuce kasuwa ya ci gaba.

"Lawali, ranar da ka ce ba ka ga komai ba, na yi shiru. Wannan shirun laihina ne, ba naka ba. Na san abin da za ka rubuta, kuma na so ka rubuta shi. Kwana biyu ina son farar nan kamar raina. Har na ce ma uwar ɗiyana ta kwantar da hankalinta, Allah ya kawo sauƙi. Na shigo biron nan da niyyar in ce na karɓa."

Na ce to me ya sauya.

Ya ce, "Kana karatu, na dubi Majo shina murna. Mutumin ga shekara nawa shina barci bayana cikin mota. Da mun bar gudron sai ya jingina kai, shi da matan da ke aiki da shi. Bai taɓa tambaya ta ko motar na da lahiya ba, ko sau ɗaya. Ya bar wannan gare ni. Sai na ga zan ɗauke su in kai su inda ba kowa, cikin motar da na san halinta, su kuma suna barci. Bakina ya ƙi faɗin kalmar, shi ke nan."

Fushina ya mutu nan take, kunya ta maye wurinsa. A haka muka shiga ƙofa. Ma'aikata suka taru, aka yi addu'a, aka shafa. Ya sauko da ƙyar, ya miƙa mini makulli a gaban kowa, ya ce, "Shef, ga motarka."

Sauran ya tafi yadda ƙa'ida ta ce. Likitan aiki ya duba shi, ya rubuta cewa ba zai iya riƙe motar hannu ba. Madam ta yi iya ƙoƙarinta, na shaida. Ta rubuta wa masu tallafa mana tana neman a buɗe masa wurin kula da ma'ajiyar kaya, aka amsa cewa ba wannan gurbin a tsarin. Ta sake rubutawa, amsa ɗaya. Aka ba Musa, wanda yanzu kuke kira babba, motar. Makonnin da suka rage Baba ya yi su a gefen Musa, yana nuna masa inda kowane kori ke da ƙasa mai ƙarfi da inda yake cin mota, da sunan mai kowace rijiya, da wanda ake fara gaisarwa a kowane zango.

Ranarsa ta ƙarshe ta faɗo ƙarshen wata. Bayan la'asar muka haɗu a rumfa, aka dafa shayi, Madam ta yi magana, Majo ya fara tasa ya kasa ƙarasawa. Baba ya nemi gafarar kowa, kowa ya nemi tasa. Da aka watse ya ɗauki buta da dardumarsa da wani tsohon akwatin kayan gyara nasa na kansa. Na ɗauko makullin ruwan ƙasar, na ce ya zo in kai shi Dagmanet.

Ya ce, "Akwai takardar misiyo da sunana?"

Kun san ba motar da ke fita ƙofar nan ba takardar misiyo, wato izinin fita aiki. Na ce, "Babu, Baba. Amma ni ne shef, ni ke ba da ita."

Ya ce, "Ga ma'aikata kake ba da ita. Ni tun ɗazu na zama baƙo. Ka bar ta ta huta, gobe tana da Tchirozérine."

Na roƙe shi, ya ƙi. Na raka shi bakin hanya ina riƙe da akwatin, muka tsayar da kabu-kabu. Mutumin da ya ƙetare hamada ba adadi, sai da ya sa hannu biyu ya ɗaga ƙafarsa ta hagu kafin ya iya zama bayan babur. Na ɗora masa akwatin a cinya. Ya ce, "Sai mun gani, Lawali. Ka riƙa duba ruwan batir ɗinta." Suka tafi. Na koma bayan garaji na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa muku.

Ba zan ce muku daga baya wani abu ya faru da ya nuna Baba ya yi daidai ba. Farar wani ɗan kasuwa ya saye ta, ina ganinta cikin gari har yanzu, lafiyarta lau. Mai yiwuwa da mun ɗauke ta ba abin da zai faru. Amma a aikinmu ba a auna mota da ranar da komai ya tafi daidai, da mummunar rana ake auna ta, a wuri mafi nisa, da mutum mafi rauni kwance a baya. Na san wannan tun kafin ranar, duk shofer ya sani. Abin da ban sani ba shi ne yadda tausayi ke iya sa mutum ya manta da shi yana ganin alheri yake yi.

Don haka ku riƙa rufa wa juna asiri a kan makara da gogar bango, ba zan hana ku ba, ni ma an rufa mini. Amma abin da ya shafi lafiyar mota, ko idonku, ko ƙafarku, ko barcin da ke fizgar ku a hanya, wannan ba asirinku ba ne ku kaɗai, na waɗanda ke zaune bayanku ne. Ku kawo mini shi da wuri, tun ana iya neman hanya. Kuma ranar da aka tsayar da ɗayanku aka ce, "Ka karɓa?" ya sani ba don girmama shi kawai ake tambayar ba.

Baba Alasan yana nan da rai a Dagmanet, yana zama ƙofar gida da sandarsa, ina zuwa gaishe shi ranar Juma'a. Bai taɓa cewa ya yi nadama ba, bai kuma taɓa cewa abin ya zo masa da sauƙi ba. Gidansa ya ji jiki bayan barinsa aiki, na gani da idona. Shekara ukun nan bai same su ba, kuma ba wanda ya mayar masa da su.